Taswirar Fatake: Waiwaye Daga Sabon Ibadan

Idan aka ce taswira, abin da ke zo mana a rai shi ne takardar nan da ake liƙawa a bangon aji, mai ɗauke da jihohi 36 da iyakokinsu. Sai dai tarihi ya nuna mana cewa magabatanmu suna da tasu hanyar sanin ƙasa tun kafin a ja waɗannan layuka.

A shekarar 1824, da Baturen Birtaniya Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa yadda kogin Kwara ke tafiya a kan rairayi. Daga baya aka ba shi taswira da rubutun Larabci, wadda aka buga a Landan a 1826. Su kuwa fatake, a ka suke riƙe da tasu. Madugu yakan lissafa zanguna ɗaya bayan ɗaya daga Kano har Gwanja, ya san inda ruwa yake, da inda ake biyan fito, da gidan da za a sauka. Da kwana ake auna nisa, da amana ake auna gari.

Irin wannan taswira ce ta haifi Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a 1916. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura daga kurmi, fatoma kuma ya sauke baƙo, ya tsaya masa a kan bashi. Masani Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969. Wanda ya bi wannan zare zai ga Nijeriya a matsayin jerin masaukai: Sabo a Ibadan, Sabo a Shagamu, Zangon Agege, kowanne riƙe da ɗan'uwansa.

To, amma wace taswira ce ke hukunci? A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta ƙaramar hukumar Akinyele, aka yi asarar rayuka, aka ƙona rumfuna. Iyalan da aka haifa a nan suka kama hanyar garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba, don kawai ana kiran su baƙi.

Saboda haka muna ganin ya kamata ɗalibanmu su tattara sunayen zanguna da hanyoyin shanu daga bakin dattawa tun suna raye. Taswirar hukuma tana faɗin inda aka raba mu. Ta fatake ce ke tuna mana inda muka haɗu.