Yadda Aka Fara Kai Lauyoyi Ƙara Kan Sakaci a Ingila

A watan Maris na 1986 wani dattijo mai suna Arthur Barratt ya yi rigima da 'ya'yansa mata biyu, ya rubuta wasiyya ya cire su daga dukiyarsa. Dokar Ingila ta yarda da haka, saɓanin rabon gadon da muka sani a Musulunci. Bayan an shirya, a watan Yuli ya aika wa lauyoyinsa takarda cewa a sake wasiyya, kowacce a ba ta fam 9,000. Takardar ta faɗa hannun wani ma'aikacin ofishin, Mista Jones. Shi ba cikakken lauya ba ne, yana cikin manyan akawunan nan da ke riƙe fayil da kansu. Aiki ya yi ta jan ƙafa, Jones ya tafi hutu, tsoho kuma ya rasu ranar 14 ga Satumba ba a rubuta sabuwar wasiyyar ba.

Da tsohuwar ƙa'ida aka bi, da 'ya'yan sun tashi a tutar babu. Tun 1861, a shari'ar Robertson da Fleming, alƙalai suka tafi kan cewa lauya ba ya da alhakin kowa sai na wanda ya ɗauke shi aiki. A 1938, shari'ar Groom da Crocker ta ƙara ƙuntata ƙofar: shi ma mai aikin, ta hanyar yarjejeniyar da ke tsakaninsu kawai zai nemi diyya. To a nan wanda ya ɗauki lauya yana kabari, magadansa na tsohuwar wasiyya ba su yi asarar ko kwabo ba, waɗanda suka yi asara kuwa ba su da bakin magana. Lauya ya sha ke nan.

Ƙofar ta fara buɗewa a 1963, lokacin da shari'ar Hedley Byrne ta tabbatar cewa gwani na iya ɗaukar alhakin asarar kuɗi idan aka dogara da maganarsa. A 1979, a shari'ar Ross da Caunters, aka ci lauyoyin da ba su gargaɗi mai wasiyya cewa mijin wadda za ta amfana bai kamata ya zama shaida ba. Sai 1995 kotun ƙoli ta lokacin ta ba 'ya'yan Barratt gaskiya, da ƙyar, alƙalai uku a kan biyu. A ganina tsoron biyun na da dalili, domin da zarar an ce lauya na da alhakin wanda bai taɓa gani ba, iyaka ta yi wuyar shatawa. Amma barin sakaci ya wuce haka kawai ya fi muni. A 2000, shari'ar Arthur Hall da Simons ta cire rigar kariyar da ke kan lauyan da ya tafka kuskure a gaban alƙali.

Ladabtarwa hanyarta daban, kuma mutane kan haɗa ta da ƙarar neman diyya. Ita ba ta mayar wa kowa da kuɗinsa, sana'ar take tsarewa. Dokar 1974 ta kafa kotun ladabtar da lauyoyi mai ikon soke suna daga rajista. Da ƙorafi ya yi yawa cewa ƙungiyar lauyoyi ce mai kare 'ya'yanta kuma ita ce alƙalinsu, sai aka ware hukumar sa ido a 2007, aka buɗe ofishin sauraron koke a Birmingham a 2010. Su irin Jones kuwa ƙungiyarsu ta samo asali tun 1892, ta samu takardar amincewar masarauta a 2012, tana da nata sashen ladabtarwa.

Diyyar da kotu ta yanke, yawanci inshora ke biya. Dole kowane ofishin lauyoyi ya riƙe inshorar aƙalla fam miliyan 2 kan kowace ƙara, shi ya sa ofishin da ƙararraki suka yi wa yawa kan rufe tun kafin kowa ya soke sunansa, don ya kasa samun mai yi masa inshora.