Baƙin hunturu: tarihin tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai

1/ Wannan iskar da ke fasa mana leɓe a Hotoro, a lokacinta ne dubban tsuntsaye daga Turai da Rasha suke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru. Ba biza, ba fasfo. Ku zauna ku sha tarihi 🧵

2/ A da Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. Har akwai masanan da suka yi imani wasu tsuntsayen nutsewa suke cikin taɓon tafki su yi barci sai bazara. Da gaske fa.

3/ Sai a 1822, kusa da Klütz a Jamus, aka harbo wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa da mashi soke a wuyansa. Da aka duba, mashin ƙirar Afirka ne. Wato a nan aka jefe shi, ya tashi da abinsa har gida. Yana ajiye a Jami'ar Rostock har yau.

4/ Mu kam mun daɗe da karanta tsuntsu. Manomi na ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato. Sai dai ita a cikin Afirka take yawonta. Baƙin Turai kuwa tsallako Sahara suke, su iso bayan ɗaukewar ruwa, su koma wajen Maris ko Afrilu.

5/ Me ya sa nan? Ruwa. Kogin Kano da na Challawa su haɗu su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya tarar da na Jama'are, su bazu a fadama kafin su nufi Tafkin Chadi. Tsuntsun da ya ƙetaro hamada, nan yake samun abinci da hutu.

6/ A Kano ma an yi masu wannan aikin. A 1981 R. E. Sharland da R. Wilkinson suka wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus. Lokacin Jigawa tana cikin Kano.

7/ A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona a ƙasar Bade, Jihar Yobe ta yanzu, don ganin tsuntsayen nan. Lokacin shi ne shugaban WWF ta duniya.

8/ A 2000 Tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a Iran a 1971. Dagona da Baturiya ta Jigawa suka biyo a 2008.

9/ To ga inda gizo ke saƙa. An gama Dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, na Challawa kuma a 1992. Ga farin 1973 da na 1984. Ambaliyar da ke rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990.

10/ Kar a ce dam bai yi rana ba. Tumatirin Kadawa, shinkafar Kura, ruwan Tamburawa, duk albarkarsa ce. Amma ya canza numfashin kogin: da can cika da damina, bushewa da rani. Yanzu ruwa na kwance duk shekara a wasu wuraren.

11/ Abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe magudanai, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, jan baki ya samu maɓoya yana cinye shinkafa da gero. Masunta da makiyaya da manoma sun ji a jikinsu kafin agwagwa ta ji.

12/ Har yanzu duk Janairu masu ƙidaya na shiga fadamar da madubin hangen nesa, cikin hazo da iska, suna lissafin kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da baƙin Turai. Adadin tsuntsu ma'aunin lafiyar ruwa ne.

13/ In hunturu ya samu ka da hali, ka tashi da asuba ka nufi Baturiya. Jaket, rawani ko takunkumi, man shafawa, da haƙuri. Ranar iska ka nemi gefen da ciyawa ta kare, nan suke taruwa. Ka bar danƙo a gida.

14/ 'Yan Haɗeja, Nguru da Gashuwa, ku faɗa mana sunayen tsuntsayen nan a bakin iyayenku, mu tara su kafin su ɓace. A tura wa wasu 🙏🏾