Tarka: Kogin da Ya Kwanta a Damargu

Duk malamin da ya taɓa koyar da labarin ƙasa a Tanut ko Belbeji ya san wahalar bayyana wa yaro kalmar filafili. Yaron bai taɓa ganin kwalekwale ba, balle mashigin da ake tura shi a ruwa. Ruwan da ya sani shi ne na rijiya mai zurfi da na tabkin damina. Amma kuwa ƙasar da yake takawa kwanciyar kogi ce. Kwarin Tarka, wanda ƙaramar hukumar da Belbeji ke zaman hedikwatarta ta ɗauki sunansa, ya taso daga Damargu, ya ratsa ƙasar Dakwaro, ya gangara Madawa, sa'annan ya nufi gulbin Rima a Nijeriya. Iska ba ta haƙa kwari irin wannan. Ruwa mai gudu ne ya yi aikin.

Zamanin wannan ruwa ya bar shaidu a maƙwabta. A shekarar 2000, ayarin Paul Sereno, masani daga Amurka, ya ci karo da maƙabartar Gobero a hamadar Tenere. An sami kaburbura wajen 200 a bakin wani tsohon tafki, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina, da masun kamun kifi na ƙashi. A kudu kuma, cikin 1987, wani Bafulatani mai haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya daki ice a zurfin kamar mita 5. Da masana na jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda ya kai shekara 8,000. Ba a san wanda ya girme shi a Afirka ba. Sassaƙarsa ba ta ɗan koyo ba ce, alamar sana'ar ta daɗe kafin shi. Damargu tana tsakanin waɗannan wurare biyu, kuma damunan da suka cika su sun zuba a kanta.

Da ruwa ya janye, raƙumi ya gaji tafiya. A watan Janairu na 1851, lokacin da Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa a Damargu, abin da ya tarar shi ne ƙasar gero, rumbun Abzinawa.

Kogin bai mutu sarai ba, nutsewa ya yi. A gindin kwarin ruwa ya fi kusa, ciyawa ta fi jimawa, itatuwa sun fi kauri. Can ƙasa wajen Madawa da shi ake ban ruwan albasa. Wannan ne ya sa kowa ke son wurin. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, domin a bar wa makiyaya abin da ke bayanta, kuma a wannan yanki Tarka ce jama'a ke dubawa a matsayin alamar iyakar. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki sun yi ta hayewa, burtali ya matse. Ƙararrakin da ke zuwa gaban sarakuna kan rijiya da mashaya, tsakanin manomi da Buzu da Bafulatani, da yawansu a kan wannan tsohon gadon kogi suke.