Kamfas ɗin Sarkin Musulmi Bello

A ƙasashen Turai akwai masu tara tsofaffin kayan awo, irin su madubin hangen nesa da agogo da kamfas, musamman waɗanda wani babban mutum ya taɓa riƙewa. A birnin Fulorans na Italiya har yanzu ana ajiye da madubai biyu na Galileo, masanin taurari. Mu ma a ƙasar Hausa irin waɗannan kaya sun shiga hannun manyanmu.

A watan Maris na shekara ta 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, wanda aka yi wa laƙabi da Abdullahi, ya isa Sakkwato. Cikin gaisuwar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai kamfas da madubin hangen nesa. Sarki ya yi murna ƙwarai da aka nuna masa kamfas ya kan nuna gabas ko ina mutum yake, don salla. Daga baya ya sa aka kawo masa ƙarfen nan mai madubai da ake auna tsayin rana da shi, da taswirar taurari. Sai Baturen ya tarar Sarki ya san burujai duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci.

Da Clapperton ya komo a 1826, ya kawo masa littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Bello ya ce da ma gidansu suna da shi, wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, gobara ta cinye.

To, a nan ne abin lura yake. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, inda Bernard Fagg ya yi bincike a 1955, ya daɗe domin dutse ba ya ɗaukuwa. Amma kayan hannu, wuta ta kan ci, gado ya kan raba, ɗan kasuwa ya kan saye da araha. Ko ya tsira, in an manta mai shi, ya zama tsohon ƙarfe kawai.

Saboda haka wanda ya gāji irin wannan abu, a Gwaram yake ko a Sakkwato, ya kamata ya tambayi dattawa tun suna raye, ya rubuta wanda ya mallake shi da yadda ya zo gidan, ya ajiye takardar tare da shi.