Daga Sakiyar Wanzami zuwa Ɗakin Gashi

Utai tsohon gari ne a ƙasar Wudil. Masu tarihin Kano sukan ambace shi idan an zo zancen Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano a farkon ƙarni na 19, waɗanda sarautar Makama take gidansu. Amma ta fuskar jinya, Utai ba ta bambanta da sauran garuruwan karkarar Kano ba. Idan ƙari ya fito wa mutum, wurin wanzami ko mai magani ake nufa da shi, a yi sakiya da ƙarfe mai zafi, a shafa garin saiwa, a sha rubutu. Maruru yakan fashe ya warke. Wanda ya ƙi jin magani, yana cin nama yana yaɗo, shi ake kira daji, kuma har gobe akwai dattawan da za su rantse cewa daji ba ya son allura, ranar da aka yi masa ita ranar zai tunzura. Wannan imani ya jawo asarar rayuka, domin shi ke riƙe maras lafiya a gida sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Hasken da ake gasa daji da shi a yau daga Jamus ya faro. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, a 1898 kuma Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam a Faransa. Likitoci ba su daɗe ba suka lura cewa hasken yana ƙona fata, kuma yana sa ƙari ya motse. Da yawa daga ma'aikatan farko sun rasa yatsu, wasu sun rasa rayukansu, kafin a gane cewa mai riƙe da na'urar ma yana bukatar kariya. A 1951 aka fara jinya da na'urar kobal a Kanada, wadda haskenta ke kai wa ga ƙarin da ya ɓuya can cikin jiki.

Najeriya ta jira. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya soma gashi, ya sami na'urar kobal a shekarun 1970, Ibadan ta biyo baya a 1987. Duk tsawon wannan zamani, matar da sankarar mama ta kama a Utai ba ta da inda za a gasa mata sai Kudu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 idan Legas ce, zuwa garin da ba ta jin yarensa, ba ta da masauki. Kaɗan ne suka taɓa yin wannan tafiya.

Asibitin Shika na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ne ya buɗe wa Arewa ƙofa, da na'urar kobal da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da aka buɗe a 1999, ya zo da na'urar linak mai aiki da lantarki, daga baya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya sami irinta. Kano kuwa, duk da yawan jama'arta da Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa tun 1988, ta shafe shekaru tana rubuta wa marasa lafiyarta takardar zuwa Shika. Mutumin Wudil ya san wannan hanya: babban asibitin gari, sai Asibitin Murtala ko na Malam a Kano, a ɗebi tsoka a auna, sannan mota zuwa Zariya, a tarar da layi, ko a tarar na'ura ta tsaya. Cikin masu wannan zirga-zirga har da masu sankarar mafitsara, wadda likitoci suka daɗe da danganta ta da tsargiyar da ake ɗauka a ruwan kogi da na fadamun rani.

Kowace na'ura da halinta. Ƙarfin kobal yana raguwa da rabi duk shekara 5 da 'yan watanni, saboda haka gashin da ake gamawa cikin minti 2 yakan koma minti 4 idan ba a sabunta sinadarin ba. Linak ba ta da wannan matsala, amma ba ta yafe wa wutar da ke rawa, kuma idan wani ƙarfe ya lalace a cikinta sai an jira injiniya da kaya daga waje. An sha samun lokacin da na'urorin da ke aiki a faɗin ƙasar ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk ranar da na'ura ta tsaya, karatun masu koyon aikin gashi ma ya tsaya. Ma'aikacin da ke gashin ba likita ba ne. Likita shi ke yanke yawan hasken da za a ba ƙari, masanin fizis ya lissafa ya tabbatar na'ura na ba da abin da aka ce, amma wanda ke kwantar da maras lafiya kullum, ya saita shi, ya danna, shi ne ma'aikacin hoton asibiti. A da difloma ake yi a wannan fanni, a makarantar tarayya da ke Legas. Jami'ar Kalaba da Jami'ar Najeriya reshen Inugu su suka fara digiri a farkon shekarun 1980, aka kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista da doka mai lamba 42 ta 1987. Arewa ta shigo a makare, Jami'ar Maiduguri a gaba, sannan Bayero da Ɗanfodiyo. Karatun shekara 5 ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti.

Mafi yawan waɗannan shekaru a ɗakin ɗaukar hoto suke ƙarewa: hoton ƙirji, na karaya, sikanin, siti sikan. Wannan ana iya koyonsa a kowane babban asibiti. Gashi kuwa sai an tura ɗalibi inda na'ura take, na ɗan lokaci, ya tsaya bayan manya yana kallo. A nan yake ganin yadda ake fara ɗaukar hoton wurin ciwo, a sa alama a fata, a gargaɗi maras lafiya kada ya goge ta wajen wanka. Yana ganin yadda ake jiƙa wata ragar roba a ruwan ɗumi a ɗora a fuskar mai sankarar maƙogwaro, ta sandare daidai kamanninsa, don kada kai ya motsa. Yana koyon daidaita jiki da layukan hasken da ke fitowa daga bango, domin gashin ba na rana ɗaya ba ne: kaɗan-kaɗan ake yi, Litinin zuwa Juma'a, sau da yawa mako 5 zuwa 7, kuma dole kwanciyar yau ta zama irin ta jiya. Kuskuren da bai kai faɗin ɗan yatsa ba ya isa a bar ƙari a ƙona lafiyayyen nama. Sannan kowa ya fita, a rufe ƙofa, a bar mutum shi kaɗai cikin ɗaki mai kaurin bango, ana kallonsa ta talabijin, ana yi masa magana ta lasifika. A ƙirjin ɗalibin akwai ɗan maƙalallen abu mai auna hasken da ya shiga jikinsa, gadon wahalar da na farko suka sha.

Akwai kuma darasin da ba ya cikin littafi. Tsohuwar da aka ce za a gasa ta, wuta take hangowa. Ɗalibin da zai durƙusa ya ce mata, “Baba, ba za ki ji zafi ba, ki dai kwanta yadda na kwantar da ke, ina ganin ki,” ya yi rabin aikin. A nan ɗan Wudil ya fi baƙo, komai ƙwarewarsa. Mata da yawa ba sa sakin jiki su buɗe ƙirji ko mara a gaban namiji, shi ya sa shigar 'yan mata wannan karatu ba ƙaramin abu ba ne.

'Yan shekarun nan taswirar ta canja. Nijar ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai a 2021. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar jinyar daji ta Kano a Giginyu, wadda gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina, a 2025 kuma aka buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Daga Wudil zuwa Giginyu tafiyar da ba ta fi awa guda ba ce. Sai dai gwamnatoci sun fi son yanke kyallen buɗe gini a kan biyan kuɗin horo, kuma ƙwararrun ma'aikatan gashi, waɗanda ya kamata ɗalibai su tsaya a bayansu, asibitocin Ingila da Saudiyya na zawarcinsu da albashin da ba a iya biya a nan.