Gadar Zambezi: Yadda Aka Gina Ta da Abin da Ta Jawo wa Zambiya



Duk wanda ya taɓa ƙetare Kwara a Jebba cikin jirgin ƙasa ya ga gada mai ƙafafu a cikin ruwa. To, akwai wuraren da ba a iya kafa ƙafa ko ɗaya, domin kogin yana can ƙasan wani rami mai zurfi tsakanin duwatsu biyu, yana ambaliya da ƙarfin da zai tumɓuke duk abin da aka dasa. Irin wannan wuri Turawan Ingila suka tarar a Kogin Zambezi, dab da gangaren ruwan da mutanen ƙasar ke kira Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa, wanda David Livingstone ya laƙaba wa sunan Sarauniya Biktoriya a 1855.

Cecil Rhodes, attajirin nan mai haƙar lu'ulu'u wanda aka sa wa ƙasar Rodeshiya sunansa, shi ne ya ɗauki burin shimfiɗa dogo tun daga ƙarshen kudancin Afirka har Alƙahira. Shi ne kuma ya nace a ɗora gadar kusa da gangaren, yadda feshin ruwa zai riƙa sauka a kan taragai. Bai taɓa zuwa wurin ba, ya kuwa mutu a 1902 kafin a ɗaura ƙarfe ɗaya.

Dabarar da injiniya George Hobson ya zaɓa ita ce baka, kuma ba baƙuwa ba ce ga maginanmu. Mai ɗaurin bakan gizo a soron ƙasa yakan fito da azara daga bango biyu, yana miƙo ta kaɗan-kaɗan, yana ɗaurewa, har bakunan su haɗu a tsakiya. Da zarar sun haɗu, nauyin rufin sai ya bi lanƙwasar ya koma yana tura bango. Haka gadar Zambezi take, illa dai ita da ƙarfe aka yi ta, bangonta kuwa baƙin dutsen ramin ne, wanda ke iya ɗaukar turin. Faɗin bakan ya kai mita 156, tsawon gadar duka mita 198, tsakaninta da ruwa kuma wajen mita 128.

Kamfanin Cleveland ya ƙera ƙarafan a garin Darlington na Ingila, aka yi jigilarsu ta teku zuwa Beira a Mozambik, daga nan jirgin ƙasa ya kai su bakin ramin, inda dogo ya iso a 1904. Saura ƙetarewa. Sai aka harba roka ɗauke da siririn zare zuwa ɗaya gaɓar, da zaren aka jawo waya, da wayar aka jawo igiyar ƙarfe mai kauri. A kan wannan igiya aka rataya wata na'ura mai aiki da lantarki wadda ta riƙa ƙetarar da ƙarafa da mutane. Daga nan aka soma miƙo rabin baka daga kowace gaɓa. Kafin su haɗu babu abin da ke tallafe da su daga ƙasa, saboda haka aka ɗaure kowanne ta baya da igiyoyin ƙarfe da aka zagaya cikin ramin da aka fafe a dutse.

Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Da aka zo haɗa bakunan da yamma, bayan rana ta gasa su yini guda, sai aka ga sun ɗan zarce juna. Aka haƙura aka kwana. Da sanyin asubar 1 ga Afrilu 1905 ƙarfen ya koma daidai, aka zura ƙusoshi. An buɗe gadar a watan Satumba na shekarar, bayan aikin wata 14. Littattafan Turawa sun adana sunayen injiniyoyin, har da saurayin da ya yi lissafin, Ralph Freeman, wanda daga baya ya zana babbar gadar Sidni a Ostareliya. Ɗaruruwan leburori baƙar fata da suka fasa dutsen kuwa, sai dai a ambace su a dunƙule.

Dogon bai kai Alƙahira ba, har yau. Inda ya nufa shi ne inda arziki yake: ya isa ma'adinan Broken Hill, garin da ake kira Kabwe yanzu, a 1906, ya shiga Katanga a 1910. Kwal na Wankie ya riƙa haurawa arewa don narka jan ƙarfe, jan ƙarfen kuma yana gangarowa kudu zuwa tashar jirgin ruwa. A ganina nan ne tarihin gadar yake, domin an ɗaure cinikin ƙasa guda, wadda ba ta da gaɓar teku, a kan mashigi ɗaya mai faɗin taku kaɗan.

Zambiya ta sami mulkin kai a 1964. Shekara guda bayan haka Ian Smith ya yi shelar ɓallewar Rodeshiya ƙarƙashin mulkin tsirarun Turawa, sai Shugaba Kenneth Kaunda ya wayi gari maƙogwaron ƙasarsa yana hannun abokin gaba. A watan Janairu 1973 Smith ya rufe iyaka don ya hukunta Zambiya saboda ba 'yan gwagwarmaya mafaka. Da ya ga abin ya fi cutar da reluwensa sai ya buɗe, Kaunda kuwa ya ƙi. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne dogon TAZARA mai tsawon kilomita 1,860 da ƙasar Sin ke shimfiɗawa zuwa Darussalam, wanda aka gama a 1975.

A watan Agusta na wannan shekara aka tsayar da tarago a tsakiyar gadar, daidai kan iyaka, don taron sulhu. Smith ya zauna ta gefen Rodeshiya, su Joshua Nkomo da Abel Muzorewa da Ndabaningi Sithole ta gefen Zambiya, domin wasu daga cikinsu in sun taka ƙasarsu ana iya kama su. Kaunda da Firayim Ministan Afirka ta Kudu, John Vorster, su ne masu shiga tsakani. Taron bai kwana ba ya watse. Yaƙin Angola ya toshe dogon Benguela, kaya suka yi wa tashar Darussalam yawa, takin zamani ya maƙale a hanya ga damina ta ƙarato. A watan Oktoba 1978, ana tsakiyar yaƙi, dole ta sa Kaunda ya sake buɗe hanyar kudu, jiragen Zambiya suka koma bi ta kan gadar Rhodes.