Daga Ƙwarya zuwa Kilo: Ɗafa-goshin Awon Mita a Bakin Hausawan Agege

Tun kafin awon Turawa ya kankama, Hausawan da cinikin goro ya zaunar a Agege suna da lissafin da ya hau kan goma. Ƙwaryar goro ɗari ce, zambar goma dubu goma ce, keso kuwa wuri dubu ashirin ne. Lissafin Ingila ne ya zo da murɗiya: kwabo 12 a sule, sule 20 a fam, ga laba da yadi da mil, kowanne da nasa rabon.

Shi tsarin mita a Faransa aka kafa shi da dokar 1795. Dabararsa ita ce ɗafa-goshi: na Girkanci su ninka, na Latin su raba. Deka 10, hekto 100, kilo 1,000, wato goma sau goma sau goma (10³). Desi, santi da mili kuma kashi ɗaya cikin 10, cikin 100 da cikin 1,000. Taron awo na duniya na 1960 ya tabbatar da mega (10⁶) da giga (10⁹), a 2022 kuma aka kai ga 10³⁰. Nijeriya ta koma wa goma ne a shekarun 1970, naira da kwabo suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda Hausa ta karɓi waɗannan ɗafe-ɗafe. Ba ta ɗauke su a matsayin ɗafi ba. A mahautar Oko-Oba, idan aka ce "kilo biyu", nauyin nama ake nufi. "Giram" ya faɗi, ɗafin ya zama suna mai cin gashin kansa. Kilomita kuwa dunƙule aka aro ta, direban da ke lodin Kano bai jin dangantakarta da kilon mahauci. Deka da hekto ba su sami shiga ba, sai dai hekto da ya ɓuya cikin "hekta". Haka mega da giga suka bi sawun kilo a bakin masu sayen data.

Illar wannan tana bayyana a aji. Yaron da ya tashi da sanin cewa kilo nauyi ne, da wuya ya gane kilowat a takardar kuɗin lantarki, sai malami ya fara shaida masa cewa ma'anar kalmar dubu ce kawai.